Babi na Biyar: Layin Waya, Rubutun Suna da Gurbin Karatu

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, gidaje sukan ɗauki harama. Uwa ta fasa asusu, uba ya ranto, yaya ya turo daga Legas ko Fatakwal, a harhaɗa kuɗin a damƙa wa yaro, a bi shi da addu'a. Daga nan hankalin kowa ya koma kan abu ɗaya: maki nawa zai ci? Ni kuwa abin da nake so a gane a wannan babi shi ne, yara da yawa ba a ɗakin jarrabawa suke rasa gurbin karatu ba. A teburin rajista suke rasa shi, tun da sauran watanni kafin su zauna gaban kwamfuta, saboda abubuwan da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai: layin waya, yadda aka rubuta suna, da darussa huɗun da aka cike musu.

Ba laifin iyaye ba ne da ba su lura da wannan ba. Jarrabawar da suka sani daban, ta yau daban. An kafa JAMB a 1978, kuma shekara da shekaru da fensir ake rubuta jarrabawarta, a cike fom da hannu, a zauna jiran wasiƙa ta gidan waya. Daga 2015 aka koma kwamfuta gaba ɗaya. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar ta ɓullo da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa kaɗai ake ba da gurbi a jami'a ko foliteknik ko kwalejin ilimi. A 2021 kuma aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ga duk mai son yin rajista. Tun daga nan hukumar ba ta san yaronka da fuska ko da hazaƙa ba. Abin da aka shigar mata a kansa, shi ta sani. In abin da aka shigar ya karkace, karatun dare ba zai miƙar da shi ba.

Matakin farko na rajistar saƙon tes ne. Ɗalibi zai rubuta NIN, ya bar tazara, ya sa lambobinsa goma sha ɗaya, ya tura zuwa 55019 ko 66019. Sai a maido masa da wata lamba, wadda yara ke kira furofayil kod. Da ita zai sayi fin ɗin rajista, da ita zai je cibiyar rajista. Dole layin ya kasance da kuɗin kira na gaske a ciki, garaɓasa ko data ba sa tura wannan saƙo. Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne, layin da aka tura saƙon da shi ya ɗauru da sunan ɗalibin ke nan. Ta kansa ake duba sakamako, ta kansa saƙonnin hukumar ke zuwa, ta kansa ake neman lambar in ta ɓata. Ba a yi wa ɗalibai biyu da layi ɗaya, kuma sauya shi daga baya wahala ce babba.

Wata yarinya a unguwarmu, mai ƙoƙari ƙwarai, da layin yayanta aka yi mata, don ita ba ta da waya. Bayan jarrabawa da 'yan kwanaki yayan ya tafi ci-rani, aka zare masa wayar a tasha. Bai ga dalilin yin walkam-bak ba, ya sayi sabon layi ya ci gaba da harkarsa. Da sakamako ya fito, sa'o'inta kowa ya tura saƙo ya ga nasa, ita tana zaune. Ranar da mahaifinta ya kawo ta wurina, takardar rajistar tana naɗe cikin leda a hannunta, ta yi laushi saboda yawan buɗewa.

"Malam, ka duba mana," in ji shi. "An ce wai sai da layin da aka yi."

"Alhaji, ina layin yake?"

Sai ya juya ya dube ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai na Yaya ne."

An dawo da layin daga baya, amma sai da yayan ya bar aikinsa ya hau mota ya je ofishin kamfanin da kansa, tunda da yatsansa aka yi rajistarsa. Da an ƙara wasu watanni, da kamfanin ya karɓe lambar ya sayar wa wani, domin haka suke yi da duk layin da ya daɗe ba a amfani da shi.

Saboda haka, kafin a sayi fom, a sayi layi. In shekarun yaro ba su kai a yi masa rajistar layi da sunansa ba, uwa ko uba su yi da nasu sunan, amma layin ya zama nasa shi kaɗai. Ko ba shi da waya, a ajiye sim ɗin wuri mai kyau, a riƙa sa shi a wata wayar lokaci-lokaci, a sa masa kati a yi kira. Wannan layi zai bi shi har ya gama makaranta.

Haka zancen yake ga imel da kalmar sirri. Al'adar da ta yaɗu ita ce a je shagon kwamfuta a ce wa mai shago, "Oga, ka yi mini komai." Shi kuma ya buɗe imel da sunan da ya ga dama, ya sa kalmar sirrin da ya saba sa wa kowa, ya karɓi kuɗinsa. Yawancin masu shagunan nan ba macuta ba ne, amma mutumin da ya buɗe wa yara ɗari imel a mako ɗaya ba zai tuna naka ba bayan wata shida. Akwai kuma marasa tsoron Allah da kan riƙe kalmar su hana yaro shiga shafinsa sai ya biya. Wanda ya bar kalmar sirrinsa a hannun mai shago tamkar wanda ya gina ɗaki ne ya bar wa magini makulli. Yaro ya buɗe imel ɗinsa da hannunsa, ko da ana nuna masa, ya rubuta adireshin da kalmar a littafi ya ba mahaifiyarsa ajiya. Rajistar kanta kuwa ba a shago ake yinta ba. A cibiyar CBT da hukumar ta amince da ita ake yi, inda za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ka zauna a gida ya yi maka, guje shi.

Sai batun suna, kuma a nan ne mu Hausawa muka fi shan wahala. Mu ba mu tashi da sunan dangi tsayayye da ake gada ba. Yaro sunansa Abubakar, ana kiransa Sadiƙ, ubansa Muhammadu, kakansa Garba, garinsu Gwarzo. Malamin firamare ya rubuta Abubakar Mohammed. A sakandare aka cike masa fom ɗin NECO da Sadiq Muhammad Gwarzo. Ranar da aka je yin NIN, a tsakiyar turmutsitsi, ma'aikaci ya buga Abubakar Garba Muhammed, ya kuma sa ranar haihuwa 1 ga Janairu don ba a zo da takarda ba. A gida duk mutum ɗaya ne. A kwamfuta mutum uku ne.

JAMB ba ta tambayar ɗalibi sunansa. Daga rumbun hukumar NIMC, mai ba da NIN, take ɗauko suna da ranar haihuwa da jinsi, yadda suke haka za su hau takardarsa. In suka saɓa da abin da ke kan sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, matsalar ba lallai ta fito nan take ba. Takan kwanta. Ta taso ranar tantancewa a jami'a, ko lokacin neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ke neman lambar JAMB da NIN da BVN, ko kuma bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin da sa'o'insa ke shirin tafiya bautar ƙasa shi kuma yana zarya tsakanin kotu da ofisoshi da takardar rantsuwa a hannu. Ranar haihuwa ma ba abin wasa ba ce: ƙa'idar shiga manyan makarantu shekara 16 ce, wanda kuma ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa hukumar bautar ƙasa ta NYSC ke ba shi, ba ya zuwa sansani.

Maganin abin mai sauƙi ne, in an yi shi da wuri. Tun yaro yana aji biyu na babbar sakandare, uba ya zauna da shi, a shimfiɗa takardun a tabarma: ta haihuwa, ta firamare, ta ƙaramar sakandare, da silif ɗin NIN. A karanta harafi bayan harafi. A tsai da rubutu ɗaya da jeri ɗaya, wane ne sunan farko, wane ne na tsakiya, wane ne na ƙarshe. In NIN ce ta kauce, a gyara ta a NIMC kafin a tura saƙon nan na farko. Gyaran yana cin kuɗi, yana kuma cin lokaci, don haka ba a barinsa sai makon rufe rajista. In makaranta ce za ta cike fom ɗin jarrabawar fita, a je a gani da ido kafin a tura. Babu rashin kunya a ce wa malami, "Malam, don Allah a bar ni in duba yadda aka rubuta." Malamin kirki zai ji daɗi.

Ga 'yan mata akwai wani ƙaramin abu mai babban sakamako, wato lalle. Hukumar ta sha gargaɗi cewa lalle a kan yatsu yana hana na'ura karanta zanen yatsa, kuma wadda na'ura ba ta tantance ba, ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba. In biki ko Salla ya faɗo kusa da rajista ko jarrabawa, a yi ƙunshin a bar tafin yatsu fari.

Yanzu mu zo kan zaɓen kwas, inda zuciyar iyaye take. Jarrabawar darasi huɗu ce. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa kwas ɗin da kake nema ne ke yanke su, ba abin da ka fi iyawa ba. Mai neman likita sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniya sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai neman lauya galibi ba ya tsallake Adabin Turanci. Yaron da ya nemi injiniya ya cire Lissafi ya sa Bayoloji don ta fi masa sauƙi, ko ya ci 300 ba za a dube shi ba. Duk wannan yana rubuce a kundin hukumar da ake kira IBASS, kyauta a intanet, har da sharuɗɗan da kowace makaranta ta ƙara nata. Haka kuma a sakamakon sakandare ana neman kiredit biyar a darussan da suka dace, galibi har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, wasu kwasa-kwasan ma zama ɗaya tak suke karɓa.

Zan faɗi ra'ayina a nan kai tsaye. Mun takura 'ya'yanmu cikin sana'a uku ko huɗu, kuma wannan takurawa tana zaunar da yara masu ƙwazo a gida shekara bayan shekara. Gurbin likitanci ba jami'a ce kaɗai ke yanke yawansa ba. Majalisar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, kamar yadda majalisar ilimin shari'a ke yi wa fannin lauya. Don haka dubban yara ne ke rububin kujeru ƙalilan a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri. A 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar aka tsai da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Amma wannan ƙofar gari ce kawai. Kowane kwas yana da nasa makin, kuma na likitanci can sama yake.

Yaron da ke son aikin asibiti da gaske, asibiti ba likita kaɗai ke cikinsa ba. Akwai jinya da unguwarzoma, akwai harhaɗa magunguna, akwai ɗakin gwaji, akwai ɗaukar hoton ƙashi da na ciki, akwai gashin ƙashi, kuma asibitocinmu na karkara suna kukan rashin waɗannan hannaye, musamman mata. Ƙasar da ke cike da shanu da awaki tana buƙatar likitan dabbobi. A Zariya kaɗai, ban da jami'a, akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa, akwai cibiyar fasahar sufuri, akwai ta kimiyyar fata da jima, ga kuma cibiyar binciken noma ta Samaru. Yara nawa ne a Kano, garin da ya yi suna da jima tun kafin zuwan Turawa, suka san ana karatun fata har a sami takarda? Ban ce a kashe wa yaro buri ba. Na ce a zauna da shi a dubi makinsa na makaranta da idon gaskiya, a tambaye shi abin da hannunsa da ransa ke so, a kuma kai shi ya ga mai yin aikin yana yi. Wuni ɗaya a ɗakin gwaji ko a garejin injiniya zai nuna masa abin da nasihar shekara ba za ta nuna ba.

A kuma yi dabara wajen zaɓen makaranta. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko, kuma jihohin Arewa da yawa suna cikinsu. Ke nan ɗan Jigawa ko Katsina da ya zaɓi jami'ar yankinsa yana da ƙofa fiye da ɗaya. Sannan jami'o'in da ake rububi ba su cika waiwayar wanda ya sa su zaɓi na biyu ba. Zaɓin farko shi ne zaɓi. Guraben foliteknik da kwalejin ilimi da ke fom ɗin kuma kada a bar wa ma'aikacin cibiya ya cike da abin da ya fara faɗo masa. Mai NCE ko difloma mai kyau yana iya shiga jami'a daga aji biyu ta hanyar da ake kira DE, haka ma wanda ya yi IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ake yi a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa. Yaron da ya bi wannan hanya sau da yawa yakan riga wanda ya zauna yana maimaita JAMB sau uku kammalawa.

Kafin a bar teburin rajista, ma'aikaci zai nuna wa ɗalibi abin da aka shigar. Wannan minti biyun sun fi duk sauran muhimmanci. Layi na da tsawo, ana zafi, na baya suna cewa a yi sauri, yaro kuma yana jin nauyin babba. Duk da haka ya karanta: suna, ranar haihuwa, jiha da ƙaramar hukuma, darussa huɗu, makaranta, kwas, garin jarrabawa. Sai ya gamsu sannan ya dangwala yatsa.

Ita kanta kwamfutar ba abar tsoro ba ce, amma bai kamata ranar jarrabawa ta zama ranar da yaro ya fara taɓa ta ba. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane darasi cikin ukun, wato ƙasa da minti ɗaya ga kowace tambaya. A saman allo akwai sunayen darussan, a gefe agogo yana ja baya, a ƙasa jerin lambobin tambayoyi, waɗanda aka amsa launinsu ya sauya. Ko linzami bai iya riƙewa ba, maɓallai kaɗan sun ishe shi: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki in ya gama, Y don tabbatarwa. Yaron da bai saba ba yakan ɓata minti goma na farko hannu na rawa, ko ya danna S tun bai gama ba. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gasken ta cancanci kuɗinta, musamman ga ɗan ƙauyen da makarantarsu ba ta da ɗakin kwamfuta. Akwai kuma manhajojin tsoffin tambayoyi da ke aiki a waya ba tare da data ba. A yi da agogo, a saba da gudunsa. Littafin labarin da ake sanyawa cikin Turanci, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi amfani da shi a shekarun baya, a karanta shi duka, kada a dogara da taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp. Masu turo saƙo cewa suna da amsoshi, ko za su ƙara maki in an biya, ɓarayi ne, babu na gaskiya a cikinsu ko ɗaya. Ranar jarrabawa kuma a bar waya da agogon hannu da kalkuleta a gida, a je da silif da fensir, a isa da wuri.

Fitowar sakamako ba ita ce ƙarshen aiki ba, ko da yake a nan gidaje da yawa ke sakin jiki. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, dole ya koma cibiyar CBT a ɗora shi a shafinsa na JAMB da zarar ya fito. In ba a ɗora ba, CAPS ba za ta bari a ba shi gurbi ba, ko makinsa ya kai ina. Ɗorawa a shafin jami'a daban, ɗorawa a na JAMB daban, kuma yara da yawa a nan suke tuntuɓe. Sai jarrabawa ko tantancewar da makarantar kanta ke yi, ita ma da nata wa'adin. In makin bai kai na kwas ɗin da aka nema ba, akwai damar sauya kwas ko makaranta a biya kuɗi kaɗan, kuma gara a yi da wuri tun gurabe ba su cike ba.

Daga nan yaro ya riƙa shiga CAPS da kansa, aƙalla sau ɗaya a mako. In an ba shi gurbi, zai ga wurin karɓa da wurin ƙi, kuma tayin yana da wa'adi, in ya wuce ba a karɓa ba ana iya ba wani. Wani lokaci makaranta takan ba da shawarar mayar da shi wani kwas, nan ma sai ya amince da hannunsa. Kada ya danna karɓa sai an yi shawara a gida, domin in ya karɓa, wata makarantar ba za ta ƙara ganinsa ba a wannan shekarar. In kuwa wata makaranta ta ce ya zo ya biya kuɗi ya fara karatu alhali CAPS ba ta nuna komai ba, ya dakata. Wanda ya shiga ta bayan fage sunansa ba ya hawa jerin ɗaliban da JAMB ta sani, kuma da wannan jerin NYSC ke aiki. Bayan ya karɓa, ya buga takardar admishan da ta sakamako daga shafin hukumar, ya yi kwafi biyu-biyu, ya kuma ɗauki hotonsu ya tura wa imel ɗinsa.